Koriya Ta Kudu: Ladabin Da Ya Gina Ƙasa, Da Tsofaffin Da Aka Bari A Ƙauye

Duk shekara, idan wata na takwas na lissafin watan sama ya kusa kwana 15, sai birnin Siyol, hedkwatar ƙasar Koriya ta Kudu, ya yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke. Kantuna a rufe, ofisoshi a rufe, ma'aikatu a rufe har kwana uku. Amma fa idan mutum ya leƙa babbar hanyar da ta tashi daga Siyol zuwa Busan, mai tsawon kimanin kilomita 400, sai ya tarar da gosulo wanda ido bai iya ganin ƙarshensa. Tafiyar da aka saba yi cikin awa huɗu ko biyar takan kusa ninkawa. Tikitin jirgin ƙasa kuwa tun da sauran makonni ake wawashe shi.

Wannan shi ne bikin da suke kira Cusok, watau bikin kaka. Miliyoyin mutanen da neman abinci ya kai birni ne ke komawa garuruwansu. Kafin ranar, maza sukan je su sare ciyawar da ta rufe kaburburan kakanninsu. Ran bikin da sassafe a taru a gidan babban ɗa, a jera sabuwar shinkafa da 'ya'yan itace a bisa tebur da sunan magabatan da suka riga mu, a durƙusa a gaishe su, sa'an nan a zauna a ci tare da iyaye.

Duk wanda ya taɓa barin tsofaffinsa a gida ya tafi wata uwa duniya neman abin rufin asiri ya san abin da ke jan waɗannan mutane. Abin da ya kamata mu duba shi ne inda al'adar ta samo tushe, da abin da ta gina, da kuma halin da ta shiga yanzu da birni ya kwashe 'ya'ya ya bar iyaye.

Wane ne Konfushiyas?

Mutumin da aka jingina wa wannan koyarwa ba ɗan Koriya ba ne, bai kuma taɓa taka ƙasar ba. An haifi Konfushiyas a ƙasar Sin, a wata ƙaramar daula mai suna Lu, shekara 551 kafin haihuwar Annabi Isa, ya kuma rasu a shekara ta 479 ta wannan lissafi. Malami ne wanda ya yi zamani a lokacin da sarakuna ke yaƙar juna, ya yi ta yawo daga wannan fada zuwa waccan yana neman sarkin da zai saurare shi, bai samu yadda yake so ba. Almajiransa ne suka tattara maganganunsa bayan ransa.

Bai ce shi annabi ne ba, bai kuma zo da maganar aljanna da wuta ba. Abin da ya dame shi shi ne yadda mutane za su zauna da juna lafiya. Magadansa sun tsara koyarwar a kan dangantaka iri biyar: tsakanin uba da ɗa, sarki da bafade, miji da mata, babba da yaro, sai kuma aboki da aboki. A kowace ɗaya akwai haƙƙi ta fuska biyu. Na ƙasa ya yi biyayya, na sama ya yi adalci da tausayi. Ginshiƙin duka kuwa shi ne abin da mutanen Koriya ke kira hyo, watau kyautata wa iyaye suna raye da kuma bayan sun mutu. A ganinsu, yaron da ya koyi ladabi a gaban ubansa ba zai tayar wa ƙasa da hankali ba.

Yadda koyarwar ta shiga Koriya

Tun cikin shekara ta 372 daular Goguryo, da ke arewacin yankin, ta kafa makarantar koyar da littattafan Konfushiyas. A shekara ta 958 kuma Sarki Gwangjong na daular Goryo ya ɗauko tsarin ƙasar Sin na ɗaukar ma'aikatan gwamnati ta hanyar jarrabawa. Amma a duk wannan lokaci addinin Buda ne ke da fada, koyarwar Konfushiyas kuwa ta tsaya ga aikin ofis.

Abin ya canza ne a shekara ta 1392, sa'ad da wani sarkin yaƙi mai suna Yi Song-gye ya tumɓuke daular Goryo ya kafa ta Joson. Malaman da suka mara masa baya, wanda babbansu shi ne Jong Do-jon, sun ɗora laifin lalacewar tsohuwar daula a kan gidajen ibadar Buda, waɗanda suka tara gonaki da bayi ba sa biyan haraji. Saboda haka suka ƙudura za su gina ƙasa sabuwa fil bisa sabuwar fassarar koyarwar Konfushiyas, wadda wani malamin Sin mai suna Ju Shi ya yi. A shekara ta 1398 aka buɗe babbar makarantar Sungkyunkwan a Siyol. Wannan daula ta yi shekara fiye da 500 tana mulki, sai a 1910 Japan ta mamaye ƙasar. A cikin wannan dogon zamani ne koyarwar ta fita daga fada ta shiga kowane gida.

Ga misalin yadda aka yi. A shekara ta 1428 labari ya iso wa Sarki Sejong cewa wani mutum a garin Jinju ya kashe mahaifinsa. Sarki ya ɗauki abin a matsayin gazawar mulkinsa, ya sa aka tattara labaran 'ya'ya masu biyayya da fadawa masu amana da mata masu riƙon aure, aka buga su a 1434 tare da zane-zane domin wanda bai iya karatu ba ma ya gane. Shi ne kuma sarkin da ya ƙago wa ƙasar haruffanta na Hangul, waɗanda aka bayyana a 1446, don talaka ya samu hanyar rubutu mai sauƙi.

Har ya zama idan uban mutum ya mutu, komin girman muƙaminsa sai ya ajiye aiki ya koma gida ya yi makoki na shekara uku, wasu har bukka suke yi a gefen kabarin. A 1791 an fille wa wani mai suna Yun Ji-cung kai domin ya karɓi addinin Katolika ya ƙone allunan da ke ɗauke da sunayen kakanninsa. A 1895 kuma, da gwamnati ta ba da umurni maza su aske tukkun da suke ɗaurewa a ka, sai ƙasa ta ɗauki zafi har aka yi tawaye, don a wurinsu jiki da gashi amana ce daga iyaye, ba a taɓa su.

Sarki ma yana da mai kwaɓarsa

Kada mai karatu ya ɗauka koyarwar biyayya ce zalla. Malaman Joson sun ɗaure sarkinsu da ita tamau. Wajibi ne ya zauna a gaban malamai yana ɗaukar darasi, akwai kuma ofishi guda wanda aikinsa shi ne gaya wa sarki kuskurensa. Bugu da ƙari, akwai marubutan tarihi da ke bin sarki duk inda ya sa ƙafa suna rubuta abin da ya faɗa da abin da ya yi, shi kuwa ba shi da ikon karanta abin da suka rubuta a kansa.

A shekara ta 1404 Sarki Taejong ya faɗo daga kan doki wajen farauta. Da ya miƙe sai ya ce wa fadawansa kada su bari marubucin tarihi ya ji. Marubucin ya rubuta faɗuwar, ya kuma rubuta cewa sarki ya ce kada a gaya masa. Waɗannan kundaye suna nan har yau, sun ƙunshi shekara 472 da sarakuna 25.

Alƙalami ya fi takobi

A daular Joson, hanyar samun girma ita ce cin jarrabawar gwamnati da ake kira gwago. Yaro kan fara haddar littattafai tun yana ƙarami, wani har furfura ta fito masa bai daina gwadawa ba. Wanda ya ci ya ɗaukaka zuriyarsa gaba ɗaya. A bisa doka talaka ma yana iya shiga, amma a zahiri 'ya'yan manyan gida, waɗanda ake kira yangban, su ne ke da sukunin barin gona su zauna karatu. Bayi kuwa ba a maganarsu. A yankunan karkara malamai suka kafa makarantun kansu da ake kira sowon, ta farko a 1543. Sun yawaita har suka zama matattarar ƙungiyoyin adawa, sai a 1871 gwamnati ta rufe su ta bar 47 kacal. Tara daga cikin irin waɗannan makarantu sun shiga jerin kayan tarihi na duniya na hukumar UNESCO a 2019.

Wanda ke son ya ga darajar malami a Koriya ya duba takardun kuɗinsu. A kan ta won 1,000 akwai Yi Hwang, malamin da ya rayu daga 1501 zuwa 1570. A kan ta 5,000 akwai Yi I, wani malamin. Ta 10,000 Sarki Sejong ne, ta 50,000 kuwa, wadda aka fitar a 2009, hoton Shin Saimdang ne, mahaifiyar Yi I. Babu soja ko ɗaya, babu ɗan siyasa. Ranar malamai ma an ajiye ta ran 15 ga Mayu, ranar haihuwar Sejong.

An soke gwago a 1894, amma aƙidar cewa jarrabawa ce ke yanke wa mutum rabonsa ba ta mutu ba. Bayan yaƙin Koriya na 1950 zuwa 1953, wanda ya bar ƙasar a rugurguje, manoma sun riƙa sayar da shanunsu da gonakinsu don su kai 'ya'ya jami'a. Ƙasar ba ta da man fetur, ba ta da ma'adinan kirki. Waɗannan 'ya'ya su ne suka gina masana'antun jiragen ruwa da motoci da kayan lantarki da duniya ta san Koriya da su.

A yau magajiyar gwago ita ce jarrabawar shiga jami'a mai suna Sunung, wadda aka fara a 1993, ake kuma yin ta rana guda cikin watan Nuwamba. Yara kimanin rabin miliyan ke zama. A ranar, ofisoshi da kasuwar hannun jari kan jinkirta buɗewa da awa guda don a rage cunkoso, 'yan sanda kan ɗauki yaron da ya makara a babur, jiragen sama kuma a hana su tashi da sauka na kimanin minti 35 lokacin da ake gwajin sauraren Turanci. To, amma kuɗin da abin ke ci ba kaɗan ba ne. A 2023 iyaye sun kashe won tiriliyan 27 wajen biyan makarantun ƙarin darasi na bayan an tashi, inda yara kan kai dare.

Shekarunka nawa?

Baƙo a Koriya yakan yi mamakin yadda mutane biyu daga haɗuwa sai su tambayi juna shekaru. Dalili kuwa harshensu ne. Ƙarshen kowace magana yana canzawa gwargwadon matsayin wanda ake yi wa ita, saboda haka mutum bai san yadda zai buɗe baki ba sai ya san waye babba. Ko da shekara guda aka girme ka, ba ka kiran sunan mutum gatsau, sai dai ka ce yaya. Da hannu biyu ake miƙa wa babba abu, da hannu biyu ake karɓa. Ba a fara cin abinci sai dattijo ya ɗauki cokalinsa. A kamfanoni ma haka abin yake: da muƙami ake kiran mutum, kuma an daɗe ana ganin rashin kunya ne ƙaramin ma'aikaci ya riga maigidansa tashi daga ofis.

Abin ban mamaki, a ƙidayar jama'a ta 2015 waɗanda suka ce addininsu shi ne na Konfushiyas ba su wuce 76,000 ba, watau ba su kai mutum 2 cikin 1,000 ba. Kashi 56 cikin 100 sun ce ba su da addini, sauran kuma Kirista ne da mabiya Buda. Amma dukkansu da wannan ladabi suke gaisawa. Har a Koriya ta Arewa, mai bin tsarin kwaminis, da Kim Il Sung ya mutu a 1994, ɗansa Kim Jong Il bai karɓi shugabancin jam'iyya ba sai a 1997, bayan an cika shekara uku na makoki.

Mata su suka ɗauki kaya mafi nauyi

Kafin koyarwar ta yi ƙarfi, mace a Koriya tana da rabonta. A zamanin Goryo da farkon Joson ana raba gado daidai tsakanin 'ya'ya maza da mata, ango kuma yakan tare ne a gidan surukansa. Ita kanta Shin Saimdang a gidan iyayenta da ke Gangnung ta haifi Yi I a 1536. Sannu a hankali aka juya al'amarin. A 1477 aka yi doka cewa 'ya'yan matar da ta sake aure bayan mutuwar mijinta ba za su shiga jarrabawar gwamnati ba, wanda ya sa gidajen manya suka tsare zawarawansu har mutuwa. Wajen ƙarni na 17 zuwa na 18 kuwa babban ɗa namiji ya zama shi ke kwashe mafi yawan gado, tun da shi ke da alhakin hidimar kakanni.

Wannan ya bi ƙasar har zamanin boko. Doka ta tanadi cewa kowane gida yana da shugaba, hoju, kuma maza ake fara bi wajen gadon wannan matsayi, har jariri namiji yana iya zama shugaban gidan da uwarsa da kakarsa ke ciki. Da na'urar duba ciki ta zo, son ɗa namiji ya kai ga zubar da cikin 'ya'ya mata. A 1990 an haifi maza 116 a kan kowace mata 100. Haka kuma an hana aure tsakanin masu sunan zuriya ɗaya da asali ɗaya, ko da sun rabu da kaka ɗaruruwan shekaru, a ƙasar da kusan mutum ɗaya cikin biyar sunansa Kim.

Ƙungiyoyin mata sun yi shekaru suna fafutuka, dattawan Konfushiyas kuma suna fitowa zanga-zanga da rigunansu na gargajiya. A 1997 kotun tsarin mulki ta ƙi amincewa da dokar hana auren, a 2005 ta yi haka ga tsarin hoju, aka kuma soke shi daga ran 1 ga Janairu, 2008. Yawan haihuwar maza da mata ya koma daidai. Sai dai har yanzu hidimar bikin Cusok, daga cefane zuwa suya zuwa wanke-wanke, galibi a kan matan 'ya'ya take faɗawa, suna kicin maza na hira.

Wa zai riƙe tsoho?

Nan ne maganar ta fi ciwo. Tsohuwar yarjejeniya ita ce iyaye su zuba duk abin da suka mallaka a kan 'ya'ya, su kuma 'ya'ya, musamman babban ɗa, su riƙe su idan ƙarfi ya ƙare. Iyayen da suka sayar da shanu a shekarun 1960 da 1970 sun cika nasu alkawari. Amma a 1960 mutanen birni ba su kai kashi 30 cikin 100 ba, yanzu kuwa sun haura 80, rabin jama'ar ƙasar kuma suna cushe a Siyol da kewayenta, cikin ƙananan ɗakunan bene masu tsadar gaske inda babu wurin tsoho. Tsarin fansho na ƙasa bai fara ba sai a 1988, bai kuma game kowa ba sai a 1999, lokacin da da yawa sun riga sun tsufa.

Sakamakon haka, a 2020 kimanin kashi 40 cikin 100 na tsofaffin Koriya ta Kudu suna cikin talauci bisa ma'aunin ƙungiyar ƙasashe masu arziki ta OECD, babu ƙasar da ta kai ta a cikin ƙungiyar. A titunan Siyol ana ganin tsofaffi sun ranƙwafa suna tura amalanke suna tsintar kwali don su sayar. Binciken hukumar ƙididdiga ta ƙasar ya nuna cewa a 2002 kashi 70 cikin 100 na mutane sun ce riƙon iyaye nauyin iyali ne, amma zuwa 2018 masu wannan ra'ayi ba su kai kashi 27 ba. Mafi yawa sun ce a raba nauyin da gwamnati.

Su ma matasan ba a banza suka ja baya ba, ruwa ba ya tsami banza. Wanda ya ga abin da aka kashe kafin ya zama mutum, ga tsadar gida, ga doguwar ranar aiki, sai ya yi ta ɗaga aure. 'Yan mata masu ilimi kuma da yawa sun ƙi shiga wahalar da suka ga iyayensu mata sun sha. A 1960 mace ɗaya kan haifi 'ya'ya wajen 6. A 2023 lissafin ya faɗo zuwa 0.72, mafi ƙanƙanta a duniya. A ƙarshen 2024 kuma waɗanda suka kai shekara 65 suka cika kashi 20 cikin 100 na jama'a. Kaburburan da ake zuwa sharewa ma suna raguwa, domin tun 2021 fiye da kashi 90 cikin 100 na mamata ƙone su ake yi.

Gwamnati ta gwada abin da za ta iya. Tun 1973 aka keɓe ran 8 ga Mayu ta zama ranar iyaye. A 2007 majalisa ta yi doka ta musamman don ƙarfafa kyautata wa iyaye, a 2008 aka fara ba tsofaffi marasa ƙarfi ɗan kuɗi duk wata, aka ƙara shi a 2014. Su kansu masu riƙe da koyarwar sun sassauta. A 2022 dattawan Sungkyunkwan suka fito suka ce teburin Cusok ba sai an cika shi maƙil ba, 'yan kwanuka kaɗan sun isa, soye-soyen da ke hana mata barci ma ba wajibi ba ne, don abin da ake nema shi ne iyali su taru cikin daɗin rai.

To, jama'a, ga dai inda Koriya ta tsaya. Koyarwar da ta ba ta son ilimi da ladabi da juriya ita ce kuma ta ɗora wa yara da mata kayan da suka fara saukewa. Konfushiyas ya ce haƙƙi ta fuska biyu yake, kuma tsofaffin da suka sayar da gona sun biya nasu tun tuni. Hausawa na cewa zumunta a ƙafa take. Motocin da ke cika hanyar Busan duk kaka sun nuna ƙafar ba ta daina zuwa ba tukuna. Sai dai biki kwana uku ne, tsoho kuwa yana buƙatar abinci da magani da mai ce masa sannu a sauran kwana 362 da suka rage.